Direban da Aka Aika Sayen Buroshi

Kafin ya zama Kawu a bakin kowa, Direba ake ce masa. Tirela yake ja, irin wadda in ta shawo kwana sai ƙananan motoci su rakuɓe gefe su ba ta hanya. A bayan sitiyari ya yi ƙuruciyarsa, a can furfura ta same shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai ƙarar murya, don ya saba magana injin na ruri. Ko gaisuwa yake yi sai baƙo ya ɗauka faɗa ne. Bai taɓa kayar da mota ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Ido ne ya sauke shi. Ya je sabunta lasisi, aka tsayar da shi gaban wani allo aka ce ya karanta. Ya karanta manyan haruffan sama, ya ce na ƙasan ai allon ne ya dushe. Suka ce ba allon ba ne. Kamfani ya yi masa godiya, aka ba shi agogon bango, aka sallame shi.

Zaman gida bai karɓe shi ba, shi ma bai karɓi gidan ba. Ya kwance fankar falo da ba abin da ya same ta, ya mayar ta koma ƙara. Ya fara koya wa matarsa yadda ake shara, ita da ta aurar da 'ya'ya a wannan tsakar gidan. Da abin ya ishe ta sai ta kai kuka wajen ƙanwarsa. Ita kuma ƙanwar tana da ɗiya, Auta, wadda ta buɗe gidan abinci a bakin wani titi mai yawan ofisoshi, kasuwa kuma ta buɗe mata har aikin ya fi ƙarfin hannunta. Auta ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu, taimako na zo nema. Ba ni da wanda zan damƙa wa makullin sito hankalina ya kwanta. Ga sayayyar kasuwa, ni kaɗai ba na iyawa."

Ya san da hannun matarsa a ciki, amma an ce taimako, ba a ce aiki ba, sai ya karɓa.

Gidan abincin daga gaba gwanin sha'awa ne: tebura masu farin kyalle, fanka, labule. Bayan ƙofar kicin kuwa wata duniya ce. Ɗaki ne matsattse mai taga ɗaya, zafi kamar cikin bonet ɗin mota. Kuku, wani dogon mutum marar son magana, shi ke mulkin murhu. Can ƙurya, inda famfo yake, nan Inna mai wanke-wanke take tsayawa tun safe, tsohuwa sa'ar Kawu, hannuwanta duk sun yi fari-fari don sabulu, bakinta kuwa ya fi wuƙar Kuku kaifi. Ita kaɗai ce a gidan ba ta ce masa Kawu. Direba take kiransa, kuma yadda take jan kalmar ba ya masa daɗi.

Shinkafa, mai, albasa, gas, duk Kawu bai sha wahalarsu ba. Ya iya ciniki, ya iya tsawa, ba mai yi masa algus. Abin da ya kayar da shi bai kai tsawon tafin hannu biyu ba.

Wata safiya Inna ta ɗago buroshinta ta nuna wa Auta. Gashinsa ya kwanta ya baje, tsakiyar ta yi sanƙo.

"Anti, wannan ya gama aikinsa, sai dai a yi masa addu'a."

Auta tana amsa waya ta juyo ta ce, "Kawu, in ka fita a samo mana buroshi. Na wanke-wanke da na goge ƙasa."

Bai tambayi wane iri ba. Mutumin da ya san sunan kowane noti a cikin inji zai tsaya tambaya a kan buroshi? Ya wuce kai tsaye layin masu kayan gyaran mota, inda har yanzu ake tashi a ba shi benci. Ya sha hira, ya sayo buroshin waya, irin wanda ake kankare tsatsa da shi, ya dawo ya zube su gaban Inna yana murmushi.

Inna ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera.

"Direba, tukunya zan wanke ko ƙafar mota?"

"Ke dai ba ki san abu mai kyau ba. Wancan naki na wasan yara ne. Matsa ki gani."

Ya waiga ya hango wani kasko a rataye, cikinsa baƙi wuluk. Ya ce a ransa, dubi ƙazanta, shekara nawa wannan bai ga wanki ba. Ya sauko da shi, ya naɗe hannun riga, ya dirje shi da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Baƙin ya riƙa fita, ƙarfe ya bayyana yana ƙyalli. Inna ta harɗe hannu tana kallo. Da ya gama ya ɗaga kaskon sama ya kira Kuku.

"Malam Kuku, zo ka ga kaskonka ya koma sabo!"

Kuku ya zo ya karɓa. Ya juya shi, ya shafa cikinsa da yatsa. Can ya ce, a hankali, "Kawu, baƙin nan ba datti ba ne. Da shi aka ƙera shi. Shi ke hana ƙwai kamawa."

Ranar duk ƙwan da aka soya sai da aka kankaro shi da cokali. Auta ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ba komai Kawu, a samo mai laushi." Da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya nufi shagon kayan gida da ke cikin kasuwa. Mai shagon wani matashi ne mai fara'a da kowa ke kira Ba-Matsala, don duk abin da ka ce masa amsarsa ke nan. Kawu ya shiga ya ce buroshi yake so, aka nuna masa bango. Ya tsaya turus. Bango guda ne tun daga ƙasa har rufi: masu dogon mariƙi, masu gajere, zagayayyu, masu lanƙwasa, wasu kamar jelar kyanwa, wasu kamar takalmi. Kowane da 'yar takarda a wuya an yi rubutu ƙanana. Ya kawo takardar kusa da hanci, ya nesanta ta, rubutun ya ƙi tsayawa. Ya ji kunyar cewa a karanta masa.

"Mai laushi nake so. Wanda ya fi kowane laushi."

"Ba matsala, Baba."

"Yana da ƙarko?"

"Ba matsala."

Laushi kam ba a magana, kamar gashin jariri. Sai dai Inna da ruwan zafi take wanke maiƙo, kuma buroshin bai saba ba. Gashin ya fara zuba ɗaya-ɗaya ba wanda ya lura. Ana tsakiyar cinikin rana, gida ya cika, wata mata mai tabarau ta tsayar da cokalinta, ta sa yatsa cikin miya ta zaro wani shuɗin zare, ta ɗaga shi saitin fitila don kowa ya gani. Teburin kusa da ita suka fara tona nasu farantan. Auta ta fito tana ba da haƙuri, ta sauya mata abinci, ta raka ta har bakin ƙofa. Kawu yana leƙe ta labulen kicin, zufa na bin bayansa. Inna daga ƙuryarta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wannan kam ya yi laushi, har ci ake yi."

Ya koma shagon yana huci. Ba-Matsala ya saurare shi har ƙarshe ya ce ba matsala, ai wancan na share ƙurar kujera ne. Kawu ya ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce ai ba a tambaye shi ba. A wannan karon Kawu ya zaɓi na tsaka-tsaki, jan roba, mai tauri amma ba waya ba. Don kada ya sake dawowa wannan shagon har abada, ya kwashi masu yawa, duk iri ɗaya: na tukwane, na katakon yanka nama, na ƙasa, na banɗaki. Ya raba su ya koma ƙofar sito ya ce magana ta ƙare.

Kwana kaɗan aka samu na zaman lafiya, sai duba-gari ta zo. Mace ce matsakaiciya mai farar riga, ba ta murmushi, ba ta kuma ɗaga murya. Ta buɗe firji, ta leƙa ƙarƙashin murhu, ta duba faratan Kuku. Har ta juya za ta fita sai idonta ya sauka kan wani bokiti a bakin magudana, jajayen buroshi a ciki sun jiƙa tare.

"Wanne ne na banɗaki a nan?"

Inna ta leƙa bokitin. Ta nuna ɗaya. Ta janye yatsan ta nuna wani.

"Wannan ne. Ko dai wancan."

"Na katakon nama fa?"

Inna ta jujjuya buroshin cikin bokitin, duk kamarsu ɗaya. Duba-gari ta ce kowane wuri da nasa buroshin, kowane da launinsa, kuma ba a ajiye su a jiƙe, rataye su ake yi. Ta ce za ta dawo, in ta tarar da haka za ta sa kwaɗo a ƙofa. Tana fita Auta ta juyo, idonta ya kawo ruwa, kuma a gaban Kuku da Inna da masu kai abinci ta ce, "Haba Kawu! Buroshi ne fa! Buroshi kawai na ce!"

Wai shi Auta ke yi wa tsawa a gaban mutane. Yarinyar da ya taɓa saɓawa a kafaɗa ya nuna mata cikin tirela. Ya ciro makullin sito ya ajiye kan buhun shinkafa, ya ɗauki hularsa ya fita.

A gida ya zauna ƙarƙashin fankar da ke ƙara yana ba matarsa labari, yana jiran ta taya shi jin haushi. Tana tsince wake ta saurara har ya gama.

"To kai Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa wanke tukunya?"

"Na wanke mota mai taya goma sha takwas."

"Ba a cin abinci a taya."

Ya ce kowa ya haɗe masa kai. Ta ce ita dai in zai zauna, kada ya taɓa mata rediyo. Ya kwana biyu yana zagaye tsakar gida. Ƙanwarsa ta bugo waya ta ce Auta ba ta iya cin abinci don nadama. Auta kanta ta zo da makullin a hannu ta durƙusa, ta ce bakinta ne ya kuɓuce. Ya karɓi makullin yana kallon bango. Ba wai ya huce ba ne. Abin da ke cinsa shi ne a ce wani guntun roba mai gashi ya kore shi daga aiki.

Da ya koma bai zauna ƙofar sito ba. Bayan cinikin rana, lokacin da tukwane suka taru har sun kusa kai taga, ya je ya tsaya kan Inna.

"Baiwar Allah, je ki huta. Yau ni zan wanke."

"Direba, lafiya?"

"Na ce ki matsa."

Ta kifa bokiti ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ce yau ga kallo kyauta. Ya fara da babbar tukunyar shinkafa. Jan buroshin nasa ya ƙi shiga lungun gindinta, inda ƙanzo ya maƙale. Mariƙin ya sha sabulu ya riƙa suɓucewa, sau biyu yana faɗawa cikin ruwa. Tulun lemo mai siririn wuya kuwa buroshin ko kai bai shiga ba. Ragar gasa nama ta cinye gashin nan take. Da ya zo goge ƙasa ya duƙa da gajeren mariƙi, bai kai rabin kicin ba bayansa ya riƙe, ya kasa miƙewa sai da ya dafa bango.

"Haka kike yi kullum?" ya tambaya yana nishi.

"A'a, ni ba na nishi."

Bai ce ta yi gaskiya ba, har yau ma bai ce ba. Amma da safe sai ga shi ya tsayar da tasi, ya loda babbar tukunyar da ƙanzonta, da wani kasko mai baƙin ciki, da tulun lemo, da ragar gasa nama, da filas cike da tafasasshen ruwa. Ya sa aka sauke su a tsakiyar shagon Ba-Matsala, ya ce a ba shi kujera.

"Baba, mene ne haka?"

"Gwaji. Ba na sayen mota ban tuƙa ta ba. Sauko min da wancan."

Ya tsoma buroshi a ruwan zafi ya ja gashin da yatsa. Wanda ya zuba ya ture gefe. Ya shafa wa mariƙi sabulu ya damƙa ya ji ko zai suɓuce. Ya zura wannan a wuyan tulu, ya goga wancan a lungun tukunya. Kunya kuma ya ajiye ta a gida: kowace takarda sai ya miƙa ya ce, "Karanta min, da ƙarfi." Ruwa ya malale ƙasan shagon, masu sayayya suka taru suna kallo, wata mata har da ba da shawara. Mai shagon ya dubi tulin jiƙaƙƙun buroshin da aka ture, ya sosa ƙeya.

"Baba, gaskiya akwai matsala."

"Madalla. Yau ka faɗi gaskiya. Waɗanda suka zuba ai ba na sayarwa ba ne tun farko."

Sun daɗe suna ja-in-ja kafin su daidaita. Kawu ya fito da gajere mai tauri mai tsinin baki na gindin tukunya, da mai laushin da ba ya zuba na kasko, da siriri dogo na tulu, da mai dogon mariƙi na ƙasa wanda ba sai an duƙa ba, da wani daban na katakon nama, da na banɗaki. Na wayar da ya fara sayowa ma ya sami gurbi, a ragar gasa nama kaɗai. Launi ne bai cika ba, don shagon ja da shuɗi kawai yake da su. Sai ya biya gareji wajen wani tsohon abokinsa mai fentin mota, suka shafe mariƙan: kore, rawaya, fari, baƙi. Ya dawo ya kafa ƙusoshi a bango, na banɗaki can waje shi kaɗai, ya tara ma'aikata ya yi musu bayani da muryar da har masu cin abinci suka ji.

Ranar da duba-gari ta dawo ya sa wankakkiyar riga ya tsaya kusa da bangon, ya shirya jawabi. Ta ɗaga kai ta dubi buroshin sau ɗaya.

"To. Haka ya kamata tun farko."

Ta wuce wajen firji. Kawu ya bi bayanta da kallo, bai sami damar yin jawabin ba. Inna ce kawai, da yamma, tana goge ƙasa a tsaye ba duƙawa, ta ce, "Direba, wannan dogon ba laifi." Daga bakinta wannan babban yabo ne, ya kuma san haka, amma ya ce, "Da ma ai na sani."

Da labarin ya tsaya nan da Kawu ya huta. Sai dai Auta tana da miji, ma'aikacin ofis, mutumin kirki mai ladabi, wanda ba ya shiga kicin amma yana son a ce ya taimaka. Ya ji irin wahalar da aka sha, tausayi ya kama shi. Wata rana da hantsi sai ga mai babur ya sauke wani ƙaton kwali a ƙofar baya, mijin na biye da shi yana fara'a.

"Kawu, na hutar da kai. A waya na gani an yi ragi, na ce a kawo kwali guda. Ba ka ƙara zuwa kasuwa neman buroshi sai baɗi."

Kawu ya yanka kwalin ya buɗe. Buroshi ne danƙare har baki, duk iri ɗaya, duk ruwan hoda, gajerun mariƙi masu santsi. Ya zaro ɗaya ya ja gashin da yatsa biyu. Gashin ya biyo hannunsa. Ya dubi surukin, ya ga yadda yake jiran godiya. Ya dubi Auta, ta roƙe shi da ido. Inna ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

"An gode," in ji Kawu. "Allah ya saka."

Ya ja kwalin zuwa sito yana magana shi kaɗai, maganar da gara da ba a ji ta ba. Mayarwa ba ta yiwu ba, zubarwa kuma cin fuska ne. Ya rufe kwalin ya ɗaure da igiya, ya samo wani guntun katako ya ɗora a kai, ya jawo shi bakin ƙofar sito ya zauna. Tsayinsa ya yi masa daidai, bayansa ma ya ji daɗi.

A kansa yake zama har yanzu, makulli a aljihu, yana lura da wanda zai ɗauki kore ya nufi inda rawaya ya kamata ya je, don ya daka masa tsawa. In gashin wani ya fara kwanciya, shi da kansa yake zuwa kasuwa da filas ɗinsa, kuma Ba-Matsala na hango shi yake fara kwashe kayan da ke ƙasa. Surukin kan leƙo wani lokaci ya gaishe shi ya tambaya ko kayan nan suna da amfani.

"Sosai," Kawu kan ce, yana gyara zama. "Kullum a kansu nake."